DAREN DA TAURARI BAKWAI SUKA YI SAHU

Ran Jumma'a 28 ga Fabrairu, 2025, sa'ad da jama'ar ƙasar nan suka fita neman jinjirin watan azumi, akwai wani abin mamaki bisa kawunansu wanda galibinsu ba su kula da shi ba. A wannan maraice taurari bakwai masu kewaya rana duk suna sama gaba ɗaya, sun yi sahu daga yamma zuwa gabas. A Ingila da Amurka da waɗansu ƙasashe, masana sun fito da madubin hangen nesa, iyaye suka kawo 'ya'yansu, aka mai da abin kamar biki. Muna so malaman makaranta da ma'aikatan ofis su san dalilin wannan al'amari, domin su ne jama'a ke tambaya.

Biyar daga cikin taurarin nan malamanmu na hisabi sun san su tun da: Utaridu, Zuhura, Mirriku, Mushtari da Zuhalu. Zuhura ita ce Zara matar wata, in kuwa ta fito da asuba a ce Gamzaki. Sauran biyun sai da madubi aka gano su, Uranus a 1781, Neptune a 1846. Ga ido suna kama da sauran taurari, amma ba su da hasken kansu, na rana suke arowa, kamar wata. Duniyarmu ma 'yar'uwarsu ce. Alamar gane su ita ce haskensu a tsaye yake, ba ya ƙyaftawa kamar na Kaza da 'ya'yanta.

To, me ya kan sa su yi sahu? Hanyoyinsu duka kusan a shimfiɗe ɗaya suke, kamar zoben saƙar faifai, rana na tsakiya. Mu kuwa da ke cikin faifan, daga gefe muke hangen su, saboda haka kullum a kan layi guda suke bayyana. Abin da ya yi wuya shi ne su taru a sama lokaci ɗaya, gama kowa da saurinsa. Utaridu kan gama kewayensa cikin kwana 88, Mirriku kwana 687, Mushtari kusan shekara 12, Zuhalu shekara 29 da rabi, Neptune kuwa sai shekara 165. Sahun nan a ganin ido ne kurum, tsakaninsu akwai miliyoyin mil.

Rashin sanin wannan ya sha jawo firgita. A Fabrairu 1962, da taurari biyar suka haɗu da rana da wata, mutane da yawa a Indiya suka ɗauka tashin duniya ya zo. A 1982 kuma aka baza labari wai jeruwarsu za ta kawo girgizar ƙasa. Ranakun nan duk suka wuce lafiya. Yaron da aka nuna wa dalili da idonsa, mai ƙarya ba ya tsorata shi, kuma ba ya cin kuɗinsa.

Irin wannan biki bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. Da la'asar malam ya kafa fitila a bakin fili, ita ce rana. Yaro na fari ya yi taki 4 ya tsaya, shi ne Utaridu. Zuhura taki 7, Duniya 10, Mirriku 15, Mushtari 52, Zuhalu 95, Uranus 192, Neptune 300. Taki 10 ɗin nan na Duniya mil miliyan 93 ke nan. Sa'ad da iyaye suka ga ɗansu ya fita filin makaranta ya doshi gonaki kafin ya kai matsayinsa, za su gane girman halittar Ubangiji fiye da yadda allo zai gwada musu. Bayan haka yara huɗu na kusa su kewaya fitila, na ciki da sauri, na waje a hankali, 'yan kallo su lura da yadda su kan haɗu su rabu.

Da magariba ta yi, a nemi wuri mai duhu nesa da lantarki, a daren da babu hazo. Wanda ke da madubin hangen nesa, ko ƙarami ne, ya kafa shi kada ya motsa, ya saita Mushtari: zai ga manyan watanninsa huɗu waɗanda Galileo ya gani a 1610. Amma muna gargaɗi da babbar murya, kada a bar yaro ya dubi rana da madubi, gama makanta ce nan take.

Ba sai an jira bakwai sun cika ba, kusan kowane dare akwai ɗaya ko biyu a sama. Masana kuwa sun lissafta cewa ran 8 ga Satumba, 2040, biyar ɗin nan da ido ke gani za su taru wuri guda a yamma tare da jinjirin wata. Yaran da ke ajinmu yau, in Allah ya kai rai, su ne magidanta a ran nan. Abin da za su faɗa wa nasu 'ya'yan, shi ne abin da muka koya musu yanzu.