Cajin gaggawa da fawa bank: Ina sauran wutar ke tafiya?

A garuruwa da dama na arewacin Najeriya da kudancin Nijar, inda wutar lantarki kan yi sa'o'i ko ma kwanaki ba ta zo ba, ƙaramin batirin nan na ajiyar caji da ake kira fawa bank ya zama abokin tafiyar wayar salula.

To sai dai akwai wani ƙorafi da ake yawan ji daga masu amfani da shi. Mutum zai sayi wanda aka rubuta 10,000mAh a jikinsa, batirin wayarsa kuma 5,000mAh ne, amma bayan ya cika wayar sau ɗaya, sai ya mutu kafin ya kammala na biyu. Idan kuma mai cajin gaggawa ne, da shi da wayar duk sai su ɗauki zafi.

Wannan ba lalle ya nuna an sayar masa da jabu ba. Ko da na ƙwarai ne, haka lissafin yake fitowa.

Tankuna biyu

Abin da ke cikin fawa bank batirin litiyam ne, irin wanda ke cikin wayar kanta, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Ƙarfin turin wutarsa kimanin bolt 3.7 ne, na wayar ma kusan hakan ne.

Ke nan tamkar tankunan ruwa biyu ne da aka ajiye a tsayi ɗaya: ko an haɗa su da tiyo, ɗaya ba zai juye wa ɗaya ruwansa ba, sai an sa injin turawa.

Shi ya sa a cikin kowane fawa bank akwai wata 'yar na'ura da ke ɗaga wutar zuwa bolt 5, ko 9, ko 12. Idan wutar ta isa wayar kuma, wata na'urar ce za ta sake sauke ta zuwa kimanin bolt 4, wanda batirin zai iya karɓa. A kowane ɗaya daga cikin matakan nan biyu, da kuma a cikin igiyar caji, wani kaso na wutar yana zama zafi ya bi iska.

Ma'aunin da ke nuna ainihin yawan makamashi shi ne wanda ake rubutawa Wh. Fawa bank mai 10,000mAh yana ɗauke da kimanin Wh 37, batirin waya mai 5,000mAh kuma yana bukatar kusan Wh 19. A takarda dai caji biyu ne. Amma abin da ke salwanta a hanya yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu, don haka caji ɗaya da rabi shi ne abin da ya kamata mai shi ya sa rai da shi.

Kamfanoni da dama kan rubuta wata lamba ta biyu da ƙananan haruffa, galibi wajen 6,000mAh, wadda ke nuna abin da ke fitowa a kan bolt 5. Babbar lambar ce dai ake bugawa a gaban kwali.

Ciniki kafin caji

Tsohon ramin USB na kwamfuta wat biyu da rabi kacal yake bayarwa. Da batiran waya suka ƙara girma, sai aka fito da tsarin USB Power Delivery a 2012, sannan kamfanin Qualcomm na Amurka ya fito da nasa mai suna Quick Charge a 2013. Daga 2021, tsarin na farko yana iya kai wat 240.

Da zarar an jona waya, kafin a saki wuta mai ƙarfi sai na'urorin biyu sun yi ciniki. Fawa bank zai faɗi abin da yake iya bayarwa, wayar ta zaɓi wanda za ta iya ɗauka. Idan ba su jin yaren juna, sai su koma bolt 5, wato cajin da aka saba.

Wannan ne dalilin da ya sa wayar da ke cika cikin ƙanƙanin lokaci da cajarta ta asali take jan ƙafa a kan fawa bank mai tsada. Kamfanoni irin su Oppo da Huawei suna da nasu tsarin na daban, wanda ba kowane fawa bank ne ya san shi ba. Ita ma igiyar tana da ta cewa: wadda za ta ɗauki fiye da wat 60 sai tana da wata 'yar na'ura a kanta da ke shaida hakan.

Tarayyar Turai ta shiga maganar, inda daga watan Disamban 2024 ta wajabta wa sabbin wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta ramin USB-C, masu cajin gaggawa kuma su yi aiki da tsarin Power Delivery.

Ko an daidaita a cinikin, saurin ba ya ɗorewa. Kamar yadda mai garuwa ke buɗe famfo sosai idan jarka ba komai, ya rage shi idan ta kusa cika, haka waya ke zuƙar wuta da ƙarfi da farko, sannan ta sassauta idan ta doshi kashi 80 cikin ɗari. Ga wanda ke tattalin abin da ya rage masa kafin a kawo wuta, cire wayar a nan ya fi jiran ta kai ɗari, kuma hakan ya fi wa batirin sauƙi.

Zafi

Farashin sauri dai zafi ne. Idan aka ninka yawan wutar da ke ratsa batir sau biyu, zafin da turjiyar cikinsa ke haifarwa yana ninkuwa sau huɗu, kuma zafi na cikin manyan abubuwan da ke tsofar da batirin litiyam.

Kamfanin Apple ya ce an tsara wayoyinsa ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas ba. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuwa, zafin bazara kan haura 40. Wanda ya haɗa waya da fawa bank ya cusa su cikin aljihu ɗaya, ko ya bar su a gaban mota da rana tsaka, ya tara musu zafi uku: na gari, da na wayar, da na fawa bank ɗin. Masu caji ba tare da igiya ba, waɗanda ake mannawa a bayan waya, sun fi ɓarnar wuta, sun kuma fi zafi.

A wasu lokutan abin kan wuce lalacewar batir. A watan Janairun 2025, wani jirgin saman kamfanin Air Busan ya kama da wuta a Koriya ta Kudu gab da tashinsa. Dukkan mutane 176 da ke ciki sun tsira, kuma masu bincike sun ce mai yiwuwa wani fawa bank ne musabbabin gobarar.

A watan Yunin shekarar, kamfanin Anker ya janye fawa bank fiye da miliyan ɗaya daga hannun jama'a a Amurka saboda haɗarin gobara, yayin da Sin ta hana shiga jiragenta na cikin gida da duk wanda ba shi da tambarin hukumar tantance inganci. Kamfanin Emirates kuma ya hana amfani da su a cikin jirgi daga watan Oktoban 2025.

Tun kafin nan, ƙa'idar sufurin jiragen sama ta hana sa fawa bank a jakar da ake aunawa a kai ɗakin kaya. A hannu ake riƙe shi, kuma wanda ya wuce Wh 100, kimanin 27,000mAh ke nan, sai da izinin kamfanin jirgin.

A kasuwa kuwa, nauyi yana tona asirin jabu, domin batir ba ya ɗaukar wuta mai yawa sai da jiki. Mai 10,000mAh na ƙwarai yakan yi nauyin giram 200 ko kusa da haka. Wanda aka rubuta wa 50,000mAh amma bai fi wayar nauyi ba, lambar a fenti kawai take. Wanda ya fara kumbura kuma, iskar gas ce ke taruwa a cikinsa, bai kamata a sake jona shi da wuta ba.