Don Me Iyaye Ba Su Sakin Jiki da Tsarin Ilmi?

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya aiko takarda yana tambaya: don me iyaye ba su yarda da tsarin ilmin gwamnati?

To Malam, dalili na farko shi ne yawan canji. A 1976 aka ƙaddamar da UPE, wato firamare kyauta, yara suka cika makarantu, malamai da azuzuwa suka yi kaɗan. A 1982 aka fara 6-3-3-4 don koyon sana'a, amma makarantu da yawa ba wutar tayar da injunan. A 1999 sai ga UBE. A 2022 aka ce a koyar da 'yan firamare da harshen gida, a 2025 aka soke.

Na biyu, kuɗi. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta karɓar rabonta sai ta zuba kwatankwacinsa. Wadda ta yi sanyin jiki, kuɗinta na nan kwance a Abuja.

Saboda haka Malam, shiga kwamitin makarantar unguwarku, ku tambayi hukumar SUBEB ko jiharku ta biya kasonta. Allah ya sa mu dace.