Tafiya a Ƙafa a Bakin Kogin Kaduna: Magani Ne Ba Da Kuɗi Ba

'Yan'uwa, a ƙauye babu wanda ake roƙo ya yi tafiya a ƙafa. Manomi yana zuwa gona ya dawo, mace tana zuwa rafi da kasuwa, yara suna takawa zuwa makaranta. Amma iyalai da yawa daga ikilisiyoyinmu suna da 'ya'ya ko iyaye da suka koma birni, a Narayi, Barnawa, Sabon Tasha da sauran unguwannin kudancin Kaduna. A can rayuwa ta sake. Mutum yana fita daga ɗaki ya hau acaɓa ko keke Napep, ya wuni a zaune a shago ko ofis, ya dawo ya sake zama. Abincin yana nan, da gishiri da mai, amma aikin da ke ƙone shi ya tafi. Wannan yana cikin dalilan da suke kawo hawan jini, ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki.

Nawa ne ya isa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Idan an raba, minti 30 ne a rana, kwana 5 a mako. Ba a bukatar gudu, ba a bukatar kayan wasa masu tsada. Tafiya ce da ɗan sauri, wadda numfashi zai ƙaru amma mutum yana iya yin hira da abokin tafiyarsa. Irin wannan tafiya tana ƙarfafa zuciya, tana taimaka wa jiki ya yi amfani da sukarin da ke cikin jini, tana rage ƙiba, tana kuma kawo barci mai daɗi. Wanda ya daɗe bai taka ba, ya fara da minti 10, ya riƙa ƙarawa kowane mako. Wanda likita ya ba shi magani, ya ci gaba da sha. Tafiya tana taimakon magani ne, ba ta ɗaukar matsayinsa.

Ina za a je?

Wuri na farko shi ne unguwarku. Da sassafe, kafin motoci su yi yawa, layukan Narayi da Barnawa sun isa a yi tafiyar minti 30.

Wuri na biyu shi ne bakin kogi. Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya ratsa birnin ya raba shi biyu, ya yi tafiyar kusan kilomita 550 kafin ya shiga Kogin Kwara. Ana cewa daga kalmar kada, jam'inta kadduna, birnin ya samo sunansa. Gbagyi ne asalin mazauna wannan yanki, kuma tun dā ana noma a fadamun kogin. Har yanzu da rani za ka ga masu lambu suna ban ruwa ga alayyafo, tumatir, latas da kuɓewa. Hanyoyin ƙafa da ke tsakanin lambunan ba su da tudu, tsoho ma yana iya bin su. Akwai iska mai sanyi, kuma mai ido zai ga balbela da zalɓe suna kiwo a gefen ruwa. Da farkon damina shamuwa takan iso.

Wuri na uku yana ƙetaren kogi, wato Ƙofar Gamji, wurin shaƙatawa da aka sa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina. Yana da manyan itatuwa masu inuwa a gaɓar ruwa. A nan ne aka ajiye ƙaramar gadar ƙarfe ta Lugga, wadda aka fara ginawa a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna. Yara za su koyi tarihi suna tafe. Kafin a kwashi iyali, a fara tambayar lokacin buɗewa da kuɗin shiga. Haka kuma mutane sukan taru a Dandalin Murtala da safe domin motsa jiki.

Me ya sa fadama take da muhimmanci?

Wasu suna ganin fadama a cikin birni wurin banza ne, sai a zuba shara ko a cike shi da ƙasa a yi gini. Wannan kuskure ne mai tsada. Fadama kamar soso take. Idan kogi ya cika, ita take karɓar rarar ruwan, ta riƙe shi, ta sake shi a hankali. Ciyawa da saiwoyin itatuwa suna riƙe gaɓa don kada ta zaizaye. Idan aka gine wurin, ruwa ba ya manta hanyarsa, sai ya shiga ɗakunan mutane. Mazauna Kaduna sun ga haka a ambaliyar watan Satumba na 2003, lokacin da kogin ya cika ya raba dubban mutane da gidajensu. A 2012 kuma ambaliya ta shafi jihohi da yawa a Nijeriya. Talaka ne ya fi shan wahala, domin shi ne yake sayen fili mai araha a bakin ruwa.

Duniya ta daɗe da gane wannan. A 1971 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a garin Ramsar na ƙasar Iran domin kiyaye wurare masu dausayi, shi ya sa ake tunawa da su kowace ranar 2 ga Fabrairu. A arewacin ƙasarmu, dausayin Haɗejiya da Nguru yana ciyar da masunta, manoman shinkafa da makiyaya, kuma tsuntsaye daga Turai suna zuwa can su wuce lokacin sanyi. A Legas, kusa da teku, an keɓe fili mai hekta 78 a Lekki tun 1990. An shimfiɗa hanyar katako a kan fadamar, mutane suna tafiya a kai suna kallon birai da tsuntsaye, alhali gine-gine sun kewaye wurin. Darasin a fili yake: wurin da jama'a suke zuwa suna jin daɗinsa, da wuya a mayar da shi juji. Idan muna taka bakin koginmu, za mu lura da wanda ke zuba shara da wanda ke sare itatuwa, mu yi magana da wuri.

Abubuwan kiyayewa

• A tafi mutum uku ko fiye, da rana a sama. Kada a shiga lungun da babu mutane, a kuma gaya wa na gida inda aka nufa.
• A fita da sassafe ko da yamma, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi ya fi tsanani. A riƙe ruwan sha.
• A sa takalmi mai rufi, a bi hanyar da aka saba bi, saboda macizai da fasassun kwalabe.
• Kada a bar yara su yi wanka ko wasa a ruwan da ke kwance. Ƙananan katantanwa na ruwa suna ɗauke da ƙwayar tsargiya. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai magani.
• A watannin Agusta da Satumba a nisanci gaɓa. Kogi yana iya cika ko da ba a yi ruwa a Kaduna ba, domin ruwan daga sama yake gangarowa.
• A gaida masu lambu, a nemi izini, kada a taka shukarsu. A dawo da leda da robar ruwa gida.
• Wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko ɗaukewar numfashi, ya tsaya nan take a kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

Abin da za mu iya yi tare

Tafiyar mutum ɗaya takan mutu bayan mako biyu, amma ta ƙungiya tana daɗewa. Zumuntar Mata, ƙungiyar matasa ko maƙwabtan layi ɗaya suna iya zaɓen safiyar Asabar. A sa mai kula da lokaci, a bar tsofaffi a gaba domin kowa ya bi saurinsu. A gayyaci maƙwabta ba tare da duba addini ko ƙabila ba, domin hawan jini da ambaliya ba sa tambayar sunan mutum. Idan akwai ma'aikaciyar jinya a cikinku, a roƙe ta ta riƙa auna jinin mutane sau ɗaya a wata.

Ku da kuke ƙauye, ku riƙe abin da kuke da shi. Kada zuwan babur ya hana ku takawa zuwa gona ta kusa, kada kuma a sare itatuwan bakin rafi. Idan ɗanku ya zo hutu daga birni, ku tambaye shi rabonsa da tafiyar rabin awa a ƙafa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mutum nawa muka sani da ke fama da hawan jini ko ciwon sukari?
2. Wace fadama ce kusa da mu, kuma yaya take yau idan aka kwatanta da shekara 20 da suka wuce?
3. Wace rana za mu fara, kuma wa zai kira sauran?