Magina da Marusa a Cikin Ƙashin Ɗan Adam

A ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, idan tsohuwa ta zame a bakin rijiya ta karye a kwatangwalo, akan garzaya da ita wurin maɗori. Sai dai sau da yawa ƙashin ya riga ya zaizaye tun kafin faɗuwar, kamar azarar da gara ta ci. Wannan cuta likitoci ke kira ostiyoforosis, wato zaizayewar ƙashi.

Ƙashi abu ne mai rai. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke aiki dare da rana: marusa, masu narkar da tsohon ƙashi, da magina, masu aza sabo. Wasu sinadaran furotin ne ke ba su umarni. Ɗaya daga ciki, mai suna RANKL, shi ke zuga marusa. Sinadarin estrojin na jikin mace yana taka masa birki, saboda haka idan mace ta daina haila, estrojin ya ragu, sai rusau ya rinjayi gini.

Wani furotin kuwa, sikilerostin, aikinsa tsayar da magina. An gano shi a 2001 ta hanyar binciken wasu iyalan Turawan Afirka ta Kudu waɗanda jikinsu ba ya yin sa, har ƙasusuwansu suka yi kauri fiye da kima.

Wannan ilmi ya haifar da magunguna. Allurar denosumab, wadda aka amince da ita a 2010, tana ɗaure RANKL, ana yin ta duk bayan wata 6. Romosozumab kuma, ta 2019, tana ɗaure sikilerostin don magina su ci gaba da aiki, amma ba a yi wa wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar jiki ba. Dukkansu suna da tsada, kuma sai da kulawar likita, irin ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Ga ɗalibai, rigakafi ya fi araha. Jiki yana gama tara ƙarfin ƙashinsa wajen shekara 30. Nono da miyar kuka da zogale suna ba da kalsiyam, hasken rana yana sa fata ta samar da bitamin D, wasanni da aikin gona kuma suna zaburar da magina. Abin da aka tara a ƙuruciya, shi tsufa zai ci.