Awartakin Mai Haɗa Waya

Kowa ya san awartaki, gama babu maƙerar da za ka shiga ka rasa shi. Da shi maƙeri ke kama ƙarfe mai zafi ya ɗora bisa uwar maƙera. To, akwai wani ɗan'uwansa da ya zo ƙasarmu daga baya, wanda masu aikin lantarki ke yawo da shi cikin jaka. Kamarsa kamar filaya, amma ya bambanta da filayar da kuka saba gani wurin mai gyaran keke. Aikinsa ɗaya ne tak, watau matse 'yar hular ƙarfe a bakin waya, don a sami damar haɗa wannan waya da wata, ko da batir, ko da inji.

A ƙauyukan arewacin Kano, kamar wajen Ɗambatta da Makoɗa da Bichi, inda gona ke manne da gona, yanzu ba wuya ka ga farantin sola bisa rufin shago, ko bisa tankin rijiyar burtsatse. Waɗansu manoman rani kuma da shi suke tayar da injin ban ruwa. Daga farantin nan zuwa injin, waya ce ke ɗauke da wuta, kuma duk inda waya ta ƙare sai an yi mata mahaɗi. A mahaɗin nan ne yawancin ɓarna ke farawa.

Ga dalili. Kadan kuka fere robar waya, za ku tarar da siraran silla na jan ƙarfe masu yawa a ciki. A wayar sola za ku gan su fari-fari, domin an shafe su da kuza, ƙarfen nan da aka san Jos da shi, don kada su yi saurin tsatsa. Ta cikin sillan nan duka wutar ke bi. In mahaɗi ya yi sako-sako, sai ya zama kaɗan ne daga cikinsu ke taɓa hular, wuta kuwa dole ta cushe ta nan. Ku tuna yadda mutane da dabbobi ke turereniya ran kasuwar Ɗambatta in sun iso ƙuntatacciyar hanya. Haka wuta ke yi, turereniyarta kuwa zafi take haifarwa. Tun ana jin ɗumi, har roba ta narke, wani lokaci har gobara ta tashi. Ban da wannan, iska da laimar damina suna shiga tsakanin sillan, su ɓata ƙarfen. Shi ya sa abin da waɗansu ke yi, na murɗe waya biyu da hannu a naɗe da baƙin salatif, ba ya ƙarko. Aikin ganin ido ne kawai.

Dā da narkakkiyar dalma ake like irin wannan mahaɗi. A shekarar 1941 wani mutumin Amurka, Uncas Whitaker, ya kafa kamfanin AMP, wanda ya shahara da yin hulunan da ake matsewa ba tare da dalma ba. Lokacin ana Yaƙin Duniya na Biyu, ana ƙera jiragen sama da na ruwa da gaggawa, matsi kuwa ya fi liki sauri, kuma ya fi jure girgiza. Yau motoci da babura cike suke da irin mahaɗan nan.

Yanzu sai mu duba awartakin kansa. A bakinsa akwai muƙamuƙai biyu masu gurabe, ƙarami da matsakaici da babba. A na masu aikin sola galibi an rubuta 2.5 da 4 da 6 kusa da guraben. Lambobin nan kaurin jan ƙarfen waya suke nunawa, kuma a jikin robar waya ma an buga lambarta. Abu na fari da gwani ke yi shi ne ya karanta lambar waya, ya zaɓi hular da ta dace da ita, sa'an nan ya nemi gurbi mai wannan lamba. Akwai kuma hulunan da ke da rigar roba mai launi: ja ta siririyar waya, shuɗiya ta matsakaiciya, rawaya ta mai kauri. Su nasu muƙamuƙan dabam ne, da ɗigon launi a kan kowane gurbi. A waɗansu awartakan ana kwance noti a sake muƙamuƙi. In an sake, wajibi ne a rufe bakin a hankali a ga na sama ya zauna daidai kan na ƙasa kafin a ɗaure notin tamau.

Tsakanin hannuwan akwai waɗansu 'yan haƙora. In ana matsawa sai a ji suna ƙas, ƙas, ƙas. Amfaninsu babba ne, gama da zarar an fara matsi, awartakin ba zai buɗe ba sai an kai ƙarshe. Ko hannun mai aiki ya gaji, ba shi da ikon barin aiki rabi da rabi. In an yi kuskure an sa hula a gurbin da ba nata ba, akwai ɗan harshe a ciki da ake turawa, bakin ya saki.

Sai fere waya. Ana cire roba gwargwadon tsawon wurin da za a matse, abin da bai kai faɗin farcen babban yatsa ba. A nan ake son natsuwa, domin in wuƙa ta yanke sili biyu ko uku, an rage wa wuta hanya ke nan tun ba a je ko'ina ba. Mai aiki yakan sa hular cikin gurbi, ya matsa kaɗan har ta tsaya, ya zura waya har robar ta zo daf da bakin hular, ya tabbata babu silin da ya leƙo waje, kana ya matse sai awartakin ya saki don kansa.

Amma gwani ba ya fara wannan a kan wayar aiki. Guntuwa yake yanka ya gwada tukuna. In ya matse, sai ya riƙe hular da hannu ɗaya, wayar da ɗaya, ya ja da ƙarfi. Kadan ta zare, matsin ya yi kaɗan. Kadan kuwa ya ga hular ta tsage, ko ta baje kamar an take ta, ko sillan sun tsinke a wuyanta, to, matsin ya yi yawa. Duka biyu ba su da kyau, ko da yake mutane sun fi tsoron na farin, suna tsammani yawan matsi shi ne ƙarfi.

Maganin wannan yana jikin awartakin. A gefensa akwai ɗan faifai mai tsaga-tsaga kamar tauraro, an kafe shi da ƙaramin noti, da alamar ƙari a wannan ɓangare, da ta ragi a wancan. Sai a kwance notin da sukundireba, a juya faifan tsaga ɗaya tak, wajen ƙari in ana son ƙarin matsi, wajen ragi in ana son sassauci, a mayar da notin. Sa'an nan a sake yanka guntuwar waya, a ɗauki sabuwar hula, a gwada. Hular da aka matse sau ɗaya ta gama aiki, ba a maimaita ta. Haka za a yi ta yi, tsaga ɗaya gwaji ɗaya, har a sami wadda aka ja ba ta zare ba, aka duba ba ta tsage ba. In aka yanka irin wannan a tsakiya aka duba, sai a ga sillan sun dunƙule kamar ƙarfe guda, babu kafar da iska za ta shiga.

Sabon awartaki yakan zo da saitinsa daidai, ba a taɓa faifan sai gwaji ya nuna bukata. Yau da gobe ne ke sa ya saki. Ƙurar hunturu kuma tana cika guraben, saboda haka akan goge su da tsumma, a ɗiga mai kaɗan a gaɓoɓin. Ba a yanka ƙusa da shi, ba a kuwa mai da shi guduma.

Ku lura da abu guda, yara. Farantin sola ba shi da makunni. Muddin rana na dukansa, akwai wuta a wayarsa. Don haka mai aiki yakan lulluɓe farantin, ya raba wayar da batir, kafin ya sa hannu. Ku dai in kun ga ana wannan aiki a garinku, ku tsaya gefe ku yi kallo, in mai aikin ya huta ku roƙe shi ya ba ku guntuwar da ya yi gwaji da ita, ku ja ku ji.