Kokawar Ƙasa da Sa Ido Wajen Kare Kai

A kokawar gargajiya ta ƙasar Hausa, da zarar an kai mutum ƙasa wasa ya ƙare, sai makaɗa su ɗauki kirarin wanda ya yi kaye. Amma wanda ɓarawo ko ɗan daba ya kayar a lungu, ba alƙalin wasa da zai raba su. A nan ne kokawar ƙasa take da amfani, watau ilmin abin da mutum zai yi bayan bayansa ya taɓa ƙasa.

Wannan fanni ya bunƙasa ne a ƙasar Birazil. A shekarar 1914 wani gwanin judo na Japan, Mitsuyo Maeda, ya sauka can, kuma daga koyarwarsa iyalin Gracie suka gina salon da ake kira jiyu-jitsu na Birazil. Duniya ta shaida ƙarfinsa a 1993 a birnin Denver na Amurka, inda Royce Gracie, mai nauyin kilo 80 ko kusa da haka, ya ci karawa uku a dare guda, a gasar da ba a raba 'yan wasa bisa nauyi ba. Dukkan ukun a ƙasa ya gama da su.

Dabarar kuwa ba ta ƙarfin damtse ba ce. Mai faɗuwa yakan sunkuyar da haɓarsa zuwa ƙirji don kada ƙeyarsa ta bugi ƙasa. In an danne shi, sai ya sarƙe ƙugun abokin gāba da ƙafafunsa, ya jawo shi kusa, domin naushi ba ya yin nauyi sai da tazara. In an hau ruwan cikinsa, sai ya kama hannu ɗaya, ya tokare ƙafar wannan gefen, ya ɗaga ƙugunsa ya mirgine shi. Sa'an nan ya tashi, hannu ɗaya a ƙasa, ɗayan yana kare fuska.

To, a nan ne masu koyo da yawa sukan ruɗe. Filin wasa yana da shimfiɗa mai laushi da abokin karawa guda. Titi kuwa yana da duwatsu da kwalabe, kuma maharin yakan zo da abokai ko da wuƙa. Wanda ya tsaya shaƙe mutum ɗaya a ƙasa ya bar kansa ga takalmin na biyu. Saboda haka manufar kokawar ƙasa wajen kare kai ita ce a kuɓuta, a miƙe, a gudu.

Abin da ya fi wannan duka shi ne sa ido. A 1983 wani ɗan sandan Amurka, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa yana iya cin tazarar ƙafa 21, watau kimanin mita shida da rabi, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Wanda idonsa ke kan waya ba zai ko ɗaga kai ba kafin a iso gare shi. Mai lura kuwa yakan duba hannuwan wanda ke tunkararsa, ya san ƙofar fita a duk inda ya shiga, ya tsallaka titi in ya ga ana bin sawunsa, ya nufi inda haske da jama'a suke. In kuma dukiya kaɗai ake nema, miƙa ta ya fi, domin ana mayar da waya, ba a mayar da rai.

Kokawar ƙasa magani ce ta ranar da lura ta kasa. Hausawa kuwa tun tuni suka ce rigakafi ya fi magani.