Yadda Zafi Ke Tsofar Da Roba, Daga Tayar Mota Har Ƙarfen Sabis

 Shirinmu na musamman na yau a kan roba yake, da irin ɓarnar da zafi ke yi mata a ɓoye.

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi ta Bakori a watan Afrilu ya san abin da ke zube a gefen kwalta: yagaggun tayoyi, wayoyin cikinsu sun fito waje. Can gaba sai ka tarar da babbar mota ɗauke da masara ko takin zamani ta jingina a kan jak, direba na rantsuwa cewa zanen tayar ko suɗewa bai yi ba. Gaskiya ya faɗa. Zane yana nuna yawan tafiyar da taya ta yi ne kawai. Shekarunta kuwa, da zafin da ta sha, suna cikin naman robar inda ido ba ya kaiwa.

Ɗanyar roba ƙaro ce ta itace, tana danƙo in an yi zafi, ta sandare in an yi sanyi. A shekarar 1839 wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ya gano cewa in aka dafa ta da farar wuta takan yi ƙarfi ta riƙe siffarta, domin farar wutar na ɗaure dogayen zaruruwan robar da juna. To, wannan dahuwa ba ta tsaya a masana'anta ba. Zafi da iskar oksijin suna ci gaba da aiki a hankali, ɗaurin ya yi ta ƙaruwa har robar ta bushe ta fara tsattsagewa. Wani lokacin kuma zaruruwan ne ke tsinkewa, ta yi laushi tana kama hannu. Masana suna da ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yakan kusan ninka saurin wannan lalacewa. Ku auna da bazarar kudancin Katsina, inda zafi kan doshi digiri 40 a inuwa, balle baƙar taya a kan baƙar kwalta, ga lodi ya wuce ƙima, ga iska ba ta cika ba.

Akwai wata roba kuma da ba a ganin ta a kasuwa, amma kusan kowa na amfana da ita. Ana cuɗa ta da garin ƙarfe mai laushin gaske ko da baƙin gawayi, aikinta shi ne ta shanye igiyoyin rediyo masu gajeren zango, ta mayar da su ɗan ɗumi maimakon su yi ta komowa suna dagula saƙo. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa sun lulluɓe bututun shaƙar iska na jiragensu na ƙarƙashin teku da irin wannan roba don na'urar rada ta kasa hango su. Yau ana manna ƙananan yankanta a cikin na'urorin sadarwa, irin waɗanda ke rataye a ƙarfen sabis, rana na dukansu tun safe.

Ita wannan, tsufanta ya fi na taya wuyar ganewa. An auna kaurinta da yawan garin ƙarfen cikinta daidai da zangon igiyar da ake so ta kama. Idan zafi ya daɗe a kanta, man da ke sa ta laushi ya ƙafe, ta ɗan tsuke, garin ƙarfen ya fara tsatsa, sai ma'aunin ya goce. Tana nan manne a wurinta, amma igiyar da take shanyewa ba ita ce aka ajiye ta dominta ba. In ta tsage, raɓa da ruwan damina su ƙarasa ta. Shi ya sa masu ƙera ta kan gasa samfuri a tanda mai digiri 70 ko 100 na kwanaki, su sake aunawa, kuma a wurare masu zafi sukan zaɓi robar silikon, wadda ta fi juriya nesa ba kusa ba.

Mu dawo gida. Tun da kamfanin taya na Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya bi sahu a Legas a 2008, kasuwarmu ta dogara da tayoyin waje, ciki har da na hannu waɗanda suka gama ƙuruciyarsu a wata ƙasa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani layi: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana jan kunnen direbobi cewa shekara huɗu ne wa'adin taya daga ranar ƙera ta, ko an hau ta ko ba a hau ba. A ganina mai sayarwar da ya jera sababbin tayoyi a rana gaban shago ya riga ya ci wani kaso na kuɗin mai saye.

Masu noman rani a Danja da kewayen dam ɗin Mairuwa ma abin ya shafe su. Tiyon ban ruwa da aka bari a fili bayan an kwashe tumatir, da bel ɗin injin niƙa, da tayar tarakta da ke tsaye tana jiran damina, duk tsufa suke yi. Kafin a tayar da injin ban ruwa, a lanƙwasa tiyon da hannu a duba bayan lanƙwasar. In ƙananan tsagu sun buɗe baki, ba zai kai ƙarshen kakar ba.